Kulle Muryoyin Tudun Kirya

Ku matso kusa, ku kife wayoyinku tukuna. Labarin da zan ba ku ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A wani gari da ake kira Tudun Kirya, can inda kwalta ta ƙare, akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Huraira. Ita take riƙe da ɗan asibitin garin tun lokacin da likita ya kwashe kayansa ya tafi bai waiwayo ba. 'Yan bindiga sun cika dajin da ke kewaye da garin, su ke da hanya, su ke cewa wannan gona a noma, waccan a bar ta. Mijin Huraira, Malam Jafaru, a gona aka harbe shi tare da ɗansu tilo, aka kawo mata su a amalanke har ƙofar asibiti. Tun daga ranar ba a sake jin ta ɗaga murya ba. Aiki kawai take yi.

Kowa a garin ya san cewa mutumin daji ba ya sanin wanda ya sayar da sa, ko gidan da baƙo ya sauka, sai wani na cikin gari ya faɗa masa. Masu kai rahoton nan da su ake zaman makoki, da su ake sahu a masallaci. Ba mai iya furta sunansu a fili. Amma mutum in yana kwance ana wanke masa rauni, bakinsa kan buɗe, kuma Huraira ta ji sunaye da yawa a haka. Da labari ya zo cewa an kafa kwamitin bincike a babban birnin jiha, zai saurari shaida na ɗan lokaci sannan ya rufe, sai ta fara tambayar marasa lafiya ko za su yarda ta ɗauki muryarsu. Wasu suka ƙi. Da yawa suka yarda. Tsofaffi, zawarawa, mutanen da aka karɓo da fansa, kowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, domin kwamiti ba ya karɓar shaidar da ba ta da mai ita, sannan ya faɗi wanda ya nuna gidansa. Ta tara muryoyin a tsohuwar kwamfutar asibiti.

Sai ta tsaya tana duban abin da ta tara, tsoro ya kama ta. An rufe layukan waya a yankin gaba ɗaya, ba yadda za a tura komai. Hanya ɗaya ce zuwa birni, kuma 'yan bindiga suna da shinge a kanta, inda suke karɓar wayoyi su kunna su saurara, su farke kalmasar riga, su zazzage buhu. Wani ɗan kasuwa da suka samu hoton ƙauyen da aka ƙona a wayarsa, a gefen titin suka bar gawarsa. Huraira ta san in muryoyin nan suka faɗa hannunsu, gida-gida za su bi, kuma ita ce ta jera musu mutanen. In kuma ta goge, ta ci amanar waɗanda suka yi magana, wasunsu ma sun riga sun mutu.

Mutum uku suka shiga wannan al'amari, kuma a kansu za ku yi gardama.

Ta farko Bara'atu ce, 'yar Malam Ɗahiru tela. Ta yi karatun kwamfuta a kwalejin fasaha, ta zo gida hutu hanya ta rufe da ita. Shan inna ya taɓa ƙafarta tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. Ita ta gaya wa Huraira cewa ana iya kulle muryoyin ta yadda ko an kama katin da suke ciki, wanda ya kunna ba zai ji komai ba, sai mai kalmar sirri. Huraira ta ce to ta ƙera makullin mana. Bara'atu ta girgiza kai, ta ce makullin da mutum ɗaya ya ƙera a ɗakinsa ba a ɗora rayukan mutane a kansa. Akwai wanda masana suka daɗe suna gwadawa suna toshe ɓarakarsa, tarin kayan aiki ne da masu rubuta manhaja ke kira laburare, sunansa cryptography. Akwai kuma wata manhaja a kwamfutar mai suna pip, aikinta ta je ta ɗauko irin wannan laburare ta girka shi. Layi ɗaya ake rubuta mata a baƙin allo: pip install cryptography. Abin da ya rage shi ne sai da netwok, kuma a Tudun Kirya babu ko ɗigo.

Na biyu Zayyanu ne, mai gyaran sola da cajin waya a bakin kasuwa. Shi ya san cewa a ƙololuwar Dutsen Shaho, wanda ke arewa da gari, sabis yakan shigo daga wani turken waya na tsallaken iyaka, mai rauni, yana zuwa yana ɗaukewa. 'Yan bindiga ma sun sani, shi ya sa suka hana hawa dutsen, kuma sun harbe samarin da suka gwada. Bara'atu ba za ta iya hawa ba. Huraira in ta bar asibiti na rabin yini sai an tambayi inda ta je. Zayyanu ya ce shi zai je. Aka kwashe muryoyin daga kwamfutar aka zuba a katin memori, Huraira ta tura shi ƙasan gwangwanin auduga. Bara'atu ta zaunar da Zayyanu ta koya masa layin nan, ya yi ta maimaitawa har yatsunsa suka riƙe. Ya sa kwamfutar a buhu, ya ɗauki lauje kamar mai zuwa yankan ciyawa.

Ya kai ƙololuwar dutsen da hantsi, ya kwanta tsakanin duwatsu, ya haɗa kwamfutar da wayarsa, ya rubuta layin. Rubutu ya fara gangarowa a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Ya jira har rana ta take. Sai allon ya cika da jan rubutu, dogo, wanda bai gane ko kalma ɗaya a ciki ba. Ya sake gwadawa, aka sake ba shi jan rubutun. Ya ɗauki hotonsa da waya. Kafin ya sauko, ga sabis a hannu, zuciyarsa ta rinjaye shi. Matarsa Indo tana birni wajen danginta da tsohon ciki, watanni bai ji muryarta ba. Ya kira ta, maganar tana yankewa, sai ya miƙe tsaye a kan dutse don ya ji da kyau. Wani mai saran itace a ƙasa ya hango shi. A lokacin Zayyanu bai san an gan shi ba.

Bara'atu ta duba hoton. Huraira tana tsaye a kanta tana jira. Sannan Bara'atu ta yi bayani da ƙaramar murya: pip ɗin da ke kwamfutar tsoho ne, bai gane sabon ƙunshin da aka riga aka haɗa ba, sai ya ɗauko ɗanyen kayan yana so ya haɗa da kansa, kwamfutar kuwa ba ta da kayan haɗin. Da an fara sabunta pip ɗin, da an gama.

"Laifina ne," in ji ta. "Ya kamata in duba kafin ka tafi. Ban duba ba."

 Zayyanu ya jawo kujera ya ce ta koya masa sabon layin. Ta koya masa: python -m pip install --upgrade pip, in ya gama sai ya bi da na farkon. Ta nuna masa kalmar da zai nema a ƙarshen allo, wadda ke nufin an girka. Huraira ta ce ya bari a kwana biyu ƙura ta lafa. Ya ce kwamiti ba zai jira ƙura ba.

Washegari ya sake hawa. Layin farko ya tafi, na biyu ya yanke a tsakiya da sabis ya ɗauke, ya sake, ya jira, har kalmar da aka nuna masa ta fito. Ya rufe kwamfutar, ya ɗaure ta a ƙirjinsa da rawani. Yana tsakiyar gangara 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga cikin kalgo. Harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙauri. Ya mirgina cikin wani tsagin dutse da bayansa, yana rungume da kwamfutar, ya cusa hularsa a baki don kada ya yi ƙara. Suka yi ta nema suna zagi har suka gaji. Da jan ciki ya kai gindin dutsen, mata masu itace suka tsince shi suka rufe shi da kirare a kura, suka turo shi asibiti. Da Huraira ta yanke wandon ta ga raunin, ta san ƙafar ba za ta tsira ba. Shi kuwa abin da ya fara faɗa shi ne a kunna a gani. Gilashin ya tsage a kusurwa, amma kwamfutar ta tashi.

Washegari kafin azahar magana ta zagaye gari cewa mutanen daji za su shigo su bincika gidaje, suna neman abin da aka hau dutse da shi. Bara'atu ta shige ɗakin ajiyar magani, ta ɗora kwamfutar a kan kwali, ta jona ta da batirin firjin rigakafi, ta fara rubuta 'yar manhajar da za ta yi kullewar. A wannan ranar ce ciwon ƙirjin mahaifinta, wanda ya daɗe yana fama da shi, ya tashi gadan-gadan. Wata maƙwabciya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Malam yana kiran sunanta. Huraira ta ce ta je, ko na ɗan lokaci ne. Bara'atu ta dubi sandarta, ta dubi allon. Gidansu yana can ƙarshen gari, kuma ita ba mai sauri ba ce. Ta ce in ta tashi suka zo, muryoyin a buɗe suke cikin gwangwanin auduga. Ta ce a gaya wa Baba tana zuwa.

Ba ta yi gaggawar da za ta ɓata aiki ba. Ta fara gwadawa da murya ɗaya, ta kulle, ta buɗe, ta tabbatar abin da ya fito shi ne abin da ya shiga. Sannan ta juya fuskarta ga bango, Huraira ta rubuta kalmar sirrin da hannunta, ta yadda duk duniya kanta kaɗai ke ɗauke da ita. Tsohuwar kwamfuta ta yi ta nishi tana kulle muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, Bara'atu ta kwafe kullallun a kati biyu, ta sa manhajar buɗewa a ɗaya kawai. Saura gogewa. A cikin muryoyin akwai ta yayanta Mamuda, wanda ya ba da shaida aka kashe shi a hanyar kasuwa bayan haka, ba su da wata murya tasa sai wannan. Ba ta tsaya ta saurara ba. Ta goge na asali gaba ɗaya ta yadda ba za a iya tono su ba. Ta goge manhajarta. Laburaren da Zayyanu ya hau dutse sau biyu dominsa ma, ta umarci pip ya cire shi, ya fita kafin ta ɗauke yatsa.

Maƙwabciyar ta dawo a karo na biyu, amma ba kira ta zo yi ba. Bara'atu ta rufe kwamfutar, ta ɗauki sandarta ta tafi. Mahaifiyarta ta dube ta a tsakar gida cikin mata ta ce, "Ya yi ta kiranki har muryarsa ta tafi." Daga wannan ba ta sake yi mata magana ba har aka watse zaman makoki. 'Yan bindigar kuwa sun zo da la'asar. Zayyanu an riga an ɓoye shi a ɗakin haihuwa bayan labule. Suka kunna kwamfutar, ba su ga komai ba sai bayanan rigakafin yara, suka farfasa ta da gindin bindiga, suka mari Huraira, suka fita.

Na uku Lawwali ne, direban a-kori-kura. Shi kaɗai 'yan bindiga ke bari ya wuce shingensu, kuma kowa ya san dalili: yana kai musu burodi da man fetur. Shi ya ce dole aka yi masa, bindiga aka ɗora masa a wuya. Mutanen gari kuwa in ya wuce tofar da yawu suke yi, domin da man nan aka ƙona rumbuna. Huraira ta daɗe tana juya al'amarin kafin ta kira shi, don ba ta da wani. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta gaya masa abin da ke cikin katin, ta kuma gaya masa cewa sunansa yana ciki, wata tsohuwa ta ambace shi a matsayin mai kai musu mai. In ya kai katin, ya kai shaida a kan kansa.

 Lawwali ya ce tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Ya ce zai kai, amma da sharaɗi.

"Kada ki faɗa mini kalmar, Malama, kada kuma ki faɗa mini su wa suka yi magana. Na san kaina. In aka sa mini wuta, abin da na sani zan faɗa."

Huraira ta ce ai ya san wadda ta ba shi katin. Ya ce wannan ɗaya ne, zai yi ƙoƙari ya riƙe ɗaya.

Shi ya kawo dabarar raba katunan. Ya ce tunda sun san an hau dutse, sun san akwai abin da zai fita, in ba su samu komai a wurinsa ba, za su ƙona motar su tuɓe shi tsirara su ci gaba da nema. Gara a ba su abin da za su samu. Ya tura kati ɗaya ƙarƙashin kujerar mota. Ɗayan, mai manhajar buɗewa, ya zafafa ƙusa ya huda dunduniyar tsohon silifas ɗinsa, ya cusa shi, ya narka roba ya shafe wurin da ƙasa.

A shinge suka samu katin ƙarƙashin kujera kamar yadda ya zata. Suka sa katin a waya, ba abin da ya kunnu. Suka sa a wata kwamfuta da suka ƙwace, sai tarkacen alamomi marasa ma'ana. Wannan ya fi fusata su fiye da komai, don sun gane an kulle ne. Suka shiga da shi daji suka ɗaure shi a bishiya. Suka tambayi kalmar, ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Suka tambayi wanda ya ba shi, ya kira sunan wani mutum da ya san an binne tun bara, ya ce shi ya ba shi ajiya tuntuni. Suka kakkarya masa yatsun hannun dama da dutse, ɗaya bayan ɗaya, kowane yatsa da tambayarsa. Daga baya ya gaya wa Huraira cewa sunanta ya zo masa har kan harshe, kuma da ya san kalmar da ya ba su tun a yatsa na biyu. Amma sunan bai fito ba. Da suka ga ya daina motsi sosai, suka riƙe motar, suka jefar da shi gefen titi da tsummar rigarsa da silifas ɗin da ba wanda ya ga darajar cirewa. Ya yi ta tafiya yana faɗuwa har wata motar itace ta ɗauke shi. Ya isa ofishin lauyar da ke karɓar shaidun kwamiti, ya cire takalmin da hannun hagu ya ajiye mata a kan tebur.

Huraira ta biyo baya hannu wofi, tana rakiyar wata mai naƙuda da haihuwa ta gardame mata. An bincike ta a shinge ba a samu komai ba, don abin da take ɗauke da shi ba a aljihu yake ba. A ofishin lauyar, wani abokin aikinta ya buɗe baƙin allo ya rubuta layin nan dai, pip install cryptography. Kafin Huraira ta gyara zama a kujera an gama girkawa. Ta zauna tana kallon allon har lauyar ta taɓa kafaɗarta. Ta rubuta kalmar sirrin, aka ƙi karɓa. Ta goge tafinta a zane ta sake. Sai muryar wata tsohuwa ta cika ɗakin, tana faɗin sunanta da na mahaifinta.

Kwamiti ya saurari muryoyin a asirce. Aka fara fitar da waɗanda suka yi magana daga Tudun Kirya, sannan aka kama masu kai rahoto, cikinsu har da ƙanin mai unguwa da mai shagon magani na bakin tasha. Ba wanda aka kashe saboda muryarsa. Amma garin bai zaunu ba, mutane suka watse, da yawa suka ƙare a wata makarantar firamare a gefen birni da aka mayar sansanin gudun hijira. A asibitin birni aka yanke ƙafar Zayyanu daga gwiwa. Lawwali an tsare shi an yi masa tambayoyi a kan man fetur, aka sake shi, hannunsa ya warke a ƙanƙame, ba zai sake riƙe sitiyari ba. Bara'atu tana aji ɗaya da mahaifiyarta a sansanin, tabarma kusa da tabarma, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Kuma sunayensu uku sun fita. Ba a san ta inda suka fita ba. Dangin waɗanda aka kama suna zuwa birnin nan cin kasuwa, saƙo ya fara isowa sansanin ta bakin masu talla cewa an san ajin da kowannensu ke kwana. Wata safiya aka daɓa wa wani mutum wuƙa a bakin famfo, mai tsawon Lawwali, sanye da riga irin tasa. Bai kai asibiti ba.

A nan ne lauyar ta kira Huraira. Ta ce akwai wata ƙungiya mai kare shaidu da ta yarda ta ɗauke babbar mai shaida a wannan shari'a, ita da iyalinta, ta kai su wani gari mai nisa inda ba wanda ya san su. Gurbi ɗaya ne, kuma na Huraira ne. Huraira ta ce waɗanda za ta gudu dominsu suna ƙarƙashin ƙasa, sansanin kuma ba shi da wata mai jinya, ba za ta je ba. Ta roƙi a ba da gurbi uku. Lauyar ta yi ta kiran waya, ta dawo ta ce iyakar abin da ta samo shi ne sun yarda Huraira ta miƙa gurbinta ga mutum ɗaya, ta kawo suna kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wata shari'ar.

Ta je wurin Zayyanu. Ya ce a ba Bara'atu, mace ce, ba ta iya gudu. Yana faɗin haka Indo tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, idonta yana kan Huraira. Ta je wurin Bara'atu. Ta ce ita ce ta mayar da Zayyanu dutse karo na biyu, da wace fuska za ta wuce ta bar shi a nan da ƙafa ɗaya. Amma da aka buga ƙyauren wani aji da ƙarfi, Huraira ta ga yadda ta zabura ta rarumi sandarta. Ta je wurin Lawwali. Ya ce hannun da ya kai man da aka ƙona rumbunan mutane bai kamata ya karɓi irin wannan ba. Ya ƙara da cewa tun ranar famfo bai sake fita ɗibar ruwa ba, 'ya'yansa ke zuwa, kuma duk fitarsu sai ya tsaya a taga har su dawo.

Huraira ta koma ɗan ɗakin da take duba marasa lafiya ta zauna. In ta tuna Zayyanu, sai ta ga ba don shi ba da babu makullin kwata-kwata, layin Bara'atu da rubutu ne kawai a baƙin allo. Ya hau ya san ana harbi, aka mayar da shi ya sake hawa bai yi gunaguni ba, ya bar ƙafarsa a can. Sai kuma ta tuna shi ne ya miƙe tsaye a kan dutse don ya ji muryar matarsa, daga nan asirin ya fara yoyo, har aka jira Lawwali a shinge.

In ta tuna Bara'atu, sai ta ga ba don ita ba da ba wanda ya ma san akwai makulli, da Lawwali muryoyi a buɗe ya ɗauka, da katin da aka samu a ƙarƙashin kujera ya zama ajalin rabin gari. Ta zauna a kan kwali mahaifinta yana kiranta, ta goge muryar ɗan'uwanta da hannunta, ta rasa uba ta rasa fuskar uwa a yini ɗaya. Sai kuma ta tuna cewa dubawa ɗaya da ba ta yi ba ita ce ta ci ƙafar Zayyanu.

Lawwali kuwa, ba don shi ba da katin yana nan a Tudun Kirya a kulle, kwamiti ya rufe, wahalar sauran biyun ta tafi a banza. Ya ɗauki shaidar da ke tuhumarsa ya kai da ƙafarsa, ya riƙe sunanta ana farfasa masa yatsu, kuma shi aka fara zuwa nema da wuƙa. Amma mutanen da ke kwance a sansanin nan, wasunsu da man da ya kai aka ƙona musu hatsi, kuma in suka ji shi aka zaɓa, ba za su yafe wa Huraira ba.

Alhamis ta yi, lauyar ta aiko a tambaye ta. Huraira ta ce a ba ta zuwa safe.

A nan zan tsaya. Kun ji abin da kowa ya yi, kun ji abin da kowa ya rasa, kun kuma ji inda kowa ya yi kuskure. Gurbi ɗaya ne, biyun da suka rage za su ci gaba da kwana a ajin da makasa suka sani. To, ku da kuke zaune nan, in da ku ne Huraira, sunan wa za ku kai da safe: Zayyanu, Bara'atu, ko Lawwali?